Baƙin Ramin da ke Gindin Haƙora

 Shirinmu na yau ya shiga baki ne, wurin da haƙori ya haɗu da dasashi.

Wanda ya kai shekara arba'in ya ɗauki madubi ya duba haƙoransa na ƙasa. Wasu za su ga saman haƙoran a manne, amma can gindi akwai ɗan rami baƙi mai kusurwa uku. Wannan ba wushirya ba ce. Wushirya halitta ce, ado ce, tana tafiya daga sama har ƙasa. Shi wannan rami daga baya yake zuwa. Ɗan tsinin naman da ke cike tsakanin haƙora biyu ne ya janye, duhun cikin baki ya leƙo.

Me ya sa naman yake janyewa? Domin a kan ƙashi yake zaune. A shekarar 1992 wani likitan haƙori a Amurka, Dennis Tarnow, da abokan aikinsa suka auna tazarar da ke tsakanin inda haƙora biyu suka taɓa juna da bakin ƙashin da ke riƙe da su. Idan tazarar ba ta wuce milimita 5 ba, kusan kullum nama yana cike wurin. Da ta kai milimita 6, sai a kashi 56 cikin ɗari. A milimita 7 kuwa, kashi 27 kawai. Milimita biyu ke nan, jama'a, tsakanin cikakken baki da rami.

Babban mai cin wannan ƙashi shi ne ciwon dasashi. Dattin abinci yana taruwa a gindin haƙori, ya daskare ya yi tauri har buroshi ya kasa cire shi, ƙwayoyin cuta su samu mazauni. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, ƙashi yana zaizayewa a hankali kamar gaɓar kogi da damina. Abin da ke damuna da wannan ciwo shi ne ba ya zafi sai ya yi nisa. Mutum ya tofar da jini a wurin alwala shekara da shekaru, yana cewa asuwaki ne ya soke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ce nau'in wannan ciwo mai tsanani yana jikin mutum fiye da biliyan ɗaya. Taba da ciwon suga suna ƙara masa ƙarfi.

Sai kuma namu na gida. Goro ne ya kawo kakanninmu da yawa Agege tun zamanin gonakin goro da jirgin ƙasa, nama kuma ga mayankar Oko-Oba nan kusa. Tsire, kilishi, balangu, duk suna maƙalewa tsakanin haƙora. To me ke biyo baya? Sakace. Tsinken tsintsiya, ƙarar ashana, wani har da allura ko bakin reza. Kullum ana danna ɗan naman dasashin ana tura shi ƙasa. Ramin ya faɗaɗa, abinci ya ƙara maƙalewa, a ƙara sakace. Haka ma dirzar haƙora da ƙarfi da buroshi mai tauri, ko da gawayi da gishiri. Asuwaki sunna ce, kuma yana tsabtace baki, amma a tauna bakinsa ya yi laushi, a bi da shi a hankali.

Ba kowane rami ne ciwo ba. Akwai masu haƙora masu faɗin kai da siririn gindi, akwai tsufa, akwai wanda ramin ya bayyana bayan an miƙe masa haƙora da waya.

Batun magani, gaskiya ɗaya ce: ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo, kuma babu jiƙo ko man goge baki da zai tsiro da naman. Matakin farko shi ne a tsayar da ɓarnar. Likita zai ɗauki hoton haƙoran, ya yi wankin haƙori har ƙarƙashin dasashi. Kada a firgita idan ramin ya ƙara fitowa bayan wankin. Kumburi ne ya saɓe, da ma shi ya ɓoye shi. Sai baki ya warke ake maganar rufewa: a liƙa ciko mai launin haƙori a gefen haƙoran biyu, ko a ɗan goge gefensu a matso da su da waya, ko a yi allurar sinadarin hayaluronik a naman, wadda ba ta daɗewa sai an maimaita. Wanda ya yi gaggawar rufe rami alhali ciwon yana ciki, haƙorin zai ci gaba da girgiɗi a ƙarƙashin kwalliyar.

Muna da wurin zuwa. Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH a Ikeja duka suna da sashen haƙori, kuma Ikeja ba nisa daga Agege. Idan kun je, ku nemi a nuna muku ɗan ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora da girman da ya dace da raminku, domin shi ne zai karɓi aikin tsinke. Mai ciwon suga kuma ya gaya wa likitan tun kafin ya buɗe baki.