Yadda Za a Gyara Sirdin Babur

'Yan'uwa manoma, babur ya zama jakinmu na yau. Da shi muke ɗauko taki, da shi muke kai mara lafiya asibiti. Amma da yawa cikinmu sukan sauka daga kansa da ciwon baya da na ƙugu, har washegari su kasa riƙe fartanya. Sau da yawa laifin sirdi ne.

Sirdi kashi 3 ne: faranti na ƙarfe ko na roba a ƙasa, soso a tsakiya, sai leda a sama. Rana takan busar da ledar har ta tsage. Ruwan sama ya shiga, soso ya sha, ya ruɓe, faranti kuma ya yi tsatsa. Daga nan duk ramin da babur ya faɗa, bayan mahayi ne zai ji.

Ga yadda za a yi:

1. A kwance sirdin, a cire tsohuwar leda a hankali. Kada a yar da ita, da ita za a auna sabuwa.

2. In farantin na ƙarfe ne, a kankare tsatsa, a shafa fenti, a bari ya bushe.

3. A sa soso mai tauri kamar inci 2 a ƙasa, a ɗora mai laushi kamar inci 1 a kansa, a manna su da gam. Kada a yi amfani da soson tsohuwar katifa shi kaɗai. Yana da daɗin zama da farko, amma kafin a yi nisa ya lotse, mutum ya koma kan ƙarfe.

4. A sassaƙe soson da wuƙa mai kaifi. Wurin zama ya yi faɗi, domin nauyi ya bazu. Gaba kuwa, kusa da tanki, ya zama siriri, don kada ya goge cinya.

5. Kafin a rufe, mai babur ya hau ya gwada. Dole ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa. Sirdin da ya yi tudu da yawa yakan jawo faɗuwa cikin yashi ko taɓo, balle in an ɗauko kaya.

6. A lulluɓe soson da farar leda maras kauri domin tare ruwa, sa'an nan a ja sabuwar leda ko fata a kai, a ɗame ta sosai. Baduku ko mai ɗinkin kujeru zai iya wannan.

Ku lura, in shokazoba ta mutu ko iskar taya ta yi yawa, sabon soso ba zai hana jijjiga ba. A duba su ma. A riƙa ajiye babur a inuwa, a kuma like ƙaramar tsaga tun ba ta buɗe ba.

Ƙungiya tana iya sayen babban soso guda, a yanka wa mutane da dama, kuɗin kowa ya ragu. Ku kawo maganar a taronku na gaba, tun damina ba ta faɗi ba.