Gidan Rediyon Gwamnati da Hakkin Makaɗanmu

Jama'a, gidan rediyo iri-iri ne. Akwai na 'yan kasuwa, akwai na gwamnati. Na ɗan kasuwa riba yake nema. Na gwamnati kuwa da kuɗin jama'a ake tafiyar da shi. Rediyon Kano da talabijin ta ARTV na Jihar Kano ne. Rediyon Najeriya Kaduna na gwamnatin tarayya ne. Ke nan manomin Ƙaraye da na Rogo suna da hakki a cikinsu.

Wani ɓangare na wannan hakki shi ne kula da kiɗanmu na gida. A da an yi wannan aiki sosai. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962. Ya ɗauki muryoyin makaɗa da yawa, ya watsa su ko'ina. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗanmaraya Jos kuma a 2015. Har gobe muna jin waƙoƙinsu, domin an ɗauka an adana.

To, ina makaɗan ƙauye? A ƙasar Ƙaraye da Rogo akwai masu gangar noma da ke zuga samari ranar gayya. Akwai masu kalangu na mahauta. Akwai mata masu kiɗan ƙwarya a gidan biki. Yawancin waƙoƙinsu a ka suke, ba a rubuce ba. Yara kuma sun koma sauraron waƙoƙin waya. In tsohon makaɗi ya rasu ba a ɗauki muryarsa ba, waƙarsa ta bi shi kabari.

Saboda haka abu huɗu ne ya rataya a wuyan gidan rediyon gwamnati. Na ɗaya, ma'aikata su fito ƙauyuka da na'ura su ɗauki kiɗa. Na biyu, a sa shi da daddare, lokacin da manomi ya dawo gida. Na uku, a adana tsofaffin faya-fayai kada zafi da ƙura su lalata su. Na huɗu, a faɗi sunan makaɗi da garinsu, a kuma biya shi ladansa.

Doka ma tana bayan wannan. A 1992 aka kafa hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin. Ƙa'idarta ta ce kiɗan Najeriya ne zai fi yawa a rediyo. A 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar kare hakkin masu fasaha.

Kai da ka koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, ga aikinka. Rubuta wasiƙa zuwa Rediyon Kano, ko ka aika saƙon waya. Faɗi sunan makaɗin garinku da irin kiɗansa. Ku haɗu 'yan aji ku sa hannu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.