Abin da Tsofaffi Suka Fi So a Ƙasar Hausa

Babban burin tsoho a ƙasar Hausa shi ne ya ƙarasa kwanakinsa a gidan da ya saba, cikin mutanen da suka san shi. Dattijon da 'ya'yansa suka ɗauko daga ƙauye zuwa Kano ko Abuja yakan samu abinci da magani, amma hankalinsa na gida, inda masallaci ke bakin ƙofa, abokan majalisa kuma na jiransa a kan tabarma bayan La'asar.

Yana kuma son a ci gaba da damawa da shi. A ce ba za a ba da aure ba sai an ji ta bakinsa, ko a kira shi sasanta rikicin gona, wannan ya fi masa sabuwar riga. Tsohuwa ma haka take: ta kula da mai jego, ta karɓi yayen jika, ta yi 'yar sana'ar daddawa don kuɗin goro kada ta roƙi kowa.

Rashin lafiya ne ke katse wannan jin daɗi, musamman hawan jini da yanar ido. A 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta Najeriya, amma har yau nauyin yana wuyan iyali.