Haɗa Ɗan Ƙaramin Jirgin Sopwith Camel: Me Ya Sa Yake Cike da Wayoyi?

Idan ka buɗe kwalin samfurin jirgin Sopwith Camel, irin wanda kamfanonin Revell da Eduard ke yi, za ka tarar da gutsattsarin roba a manne jikin firam, da takardar umarni, da ƴan tamburan liƙawa. Abu ɗaya ne galibi ba ya ciki, wato wayoyin da suka ɗaure fukafukan jirgin. Kai za ka nemo zare ka sa su da hannunka. Masu wannan sha'awa da yawa nan suke karaya, alhali nan ne darasin yake.

Bari mu fara da jirgin kansa. Camel jirgin yaƙin Ingila ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya fara tashi a Disambar 1916, ya shiga fagen daga a 1917, an kuma ƙera fiye da guda 5,000. Ma'anar sunan ita ce raƙumi, saboda murfin da ya rufe gindin bindigoginsa biyu ya yi tudu kamar tozo. Daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 8.5 ne. Gangar jikinsa katako ce da aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafe yadin da wani sinadari mai sa shi ɗamewa kamar fatar ganga.

Ma'auni ba wasa ba ne

A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1:72 ko 1:48. Idan 1:72 ne, an raba kowane tsawo gida 72 ke nan, saboda haka fukafukan za su dawo kusan santimita 12. Amma fa faɗin fili ba haka yake raguwa ba. Shi sau 72 × 72 yake raguwa, wato 5,184. Girman jiki kuwa sau 72 × 72 × 72, wato 373,248. Camel da lodinsa nauyinsa wajen kilo 660 ne. Da za a ƙanƙantar da komai nasa daidai wa daida, da samfurin bai kai giram 2 ba. Naka na roba zai fi haka nauyi nesa ba kusa ba, domin ba a iya zuba roba ta yi siririn da lissafi ya nema. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda jirgin gasken yake sakayau.

Lissafin nan ya shafi zaren da za ka zaɓa. A ce wayar jirgi tana da kaurin milimita 4, to a 1:72 ba ta kai milimita 0.06 ba, kamar silin gashi ɗaya. Zaren ɗinki ya yi kauri, ga shi da gashi-gashi. Shi ya sa ake amfani da siririn zaren nailan na kamun kifi.

Me ya sa fukafukai hawa biyu?

Injin Clerget da aka fi sa wa Camel ƙarfin doki 130 gare shi, bai wuce na wata motar gida ta yau ba. Inji mai ƙaramin ƙarfi yana bukatar fiffike mai yalwa amma marar nauyi. Matsalar ita ce fiffiken katako da yadi, siriri kuma dogo, lanƙwashewa zai yi idan iska ta ɗaga shi.

Ɗauki rula ka gwada. Idan tana kwance, lanƙwasa ta ba wuya. Juya ta a gefenta, sai ka ji ta ƙi. Kaurin abu daga sama zuwa ƙasa shi ke ba shi ƙarfin jure lanƙwasa. To idan ka ɗora fiffike bisa fiffike da tazarar fiye da mita ɗaya, ka haɗa su da ginshiƙai da wayoyi, sun zama tamkar katako ɗaya mai kaurin wannan tazarar, alhali tsakaninsu iska ce kawai. Octave Chanute, injiniyan gadojin jirgin ƙasa a Amurka, shi ya ɗauko wannan dabara daga gini gada ya sa wa jirginsa marar inji a 1896. Ƴan'uwan nan biyu, su Wright, suka bi tsarin a jirginsu na 1903.

Yadda za ka gani da idonka

Ka fara da mazaunin matuƙi da inji, ka haɗa ɓangarori biyu na gangar jiki, sannan fiffiken ƙasa. Gam ɗin wannan roba narkar da fuskarta yake yi har guda biyu su zama ɗaya, don haka ɗigo kaɗan ya isa. Ka yi fenti, ka huda ƙananan ramukan zare tun kafin ka ɗora fiffiken sama, domin bayan nan hannu ba zai shiga ba. Ka lura fiffiken sama a miƙe yake sak, na ƙasa kuwa bakinsa ya ɗan ɗaga, kuma na saman ya ɗan yi gaba. Yanka kwali ka yi masa matallafi har gam ya bushe.

Fiffiken sama kan ginshiƙai 8 yake zaune, 4 a gangar jiki, bibbiyu a kowane gefe. Bayan ya bushe, ɗan tura shi da yatsa a hankali. Za ka ji yana rawa, domin siffa mai kusurwa huɗu tana iya karkacewa ba tare da ko gefe ɗaya ya sauya tsawo ba. Yanzu ja zare a gicciye, kusurwa zuwa kusurwa, ka ɗame, ka ɗiga masa gam mai kamawa nan take. Sake turawa, za ka ji ya tsaya ƙyam. Zaren ya raba siffar zuwa alwatika, ita kuwa alwatika ba ta karkacewa sai an karya gefenta. Dabarar da kafinta ke bi ke nan a katakon rufin kwano.

Kowace waya da aikinta. Waya ja kawai take jurewa, ginshiƙi kuma danni. Wayoyin da suka taso daga ƙasan gangar jiki zuwa fiffiken sama su ke riƙe fukafukan lokacin da iska ke ɗaga su. Waɗanda suka gangaro daga tsakiyar sama zuwa fiffiken ƙasa su ke ɗaukar nauyinsu idan jirgi ya dira. Idan na farkon suka tsinke a sama, fukafukan naɗewa za su yi, kuma matuƙan jiragen Ingila na lokacin ba a ba su laimar sauka ba. Ran matuƙi a hannun mai ɗaure wayoyi yake.

Wayoyin suna da nasu sharrin. Kowace ɗaya tana tare iska, kuma idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska kusan sau huɗu take ƙaruwa. Camel da ƙyar yake wuce kilomita 180 a awa. Jamusawa suka ɓullo ta wata hanya. Jirginsu Fokker D.VII na 1918 fukafukansa masu kauri ne, ƙarfinsu yana cikinsu, ba sa bukatar wayoyin gicciye. Da injuna suka ƙara ƙarfi, aka kuma koma ƙira da ƙarfe, zuwa ƙarshen shekarun 1930 jirgi mai fiffike hawa ɗaya ya karɓe fagen.

Saboda haka idan kana da hali, sayi kwalin Fokker D.VII ma a ma'auni iri ɗaya, ka haɗa, ka ajiye su gefe da gefe. Ƙirga zaren da ka ja a kowanne. Tazarar da ke tsakanin fitowarsu shekara ɗaya ce kacal.