Lamunin Kare Muhalli da Matsalar Ƙirga Itatuwa

A watan Disamba na shekarar 2017 ne gwamnatin Nijeriya ta sayar da takardun lamuni na naira biliyan 10.69, bisa alkawarin cewa ayyukan kare muhalli kaɗai za a yi da kuɗin. Ita ce gwamnatin farko a nahiyar Afirka da ta yi haka. Shi dai wannan lamuni rance ne kamar kowane: bankuna da ɗaiɗaikun mutane su ba gwamnati kuɗi, ta riƙa biyan su kuɗin ruwa, sannan ta mayar da uwar kuɗi idan wa'adi ya cika. Bambancinsa shi ne sharaɗin inda kuɗin zai shiga, da rahoton da wajibi ne a bayar.

Kaso mafi tsoka ya tafi ga shirin samar wa jami'o'i lantarki daga hasken rana, shirin da a ƙarƙashinsa aka buɗe tasha mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019. Aka kuma ware kimanin naira biliyan 2 domin dashen itatuwa. A 2019 gwamnati ta sake sayar da na naira biliyan 15.

Auna amfanin tashar lantarki abu ne mai sauƙi, domin mita na nuna abin da ta samar kullum. Itace kuwa ba shi da mita. Yana zuƙar iskar kabon ne ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensa, ya haɗa ta da ruwa da taimakon hasken rana, ya sarrafa sukarin da yake gina jikinsa da shi. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. To amma wannan tari a hankali ake yin sa. Wa'adin lamunin farko shekara 5 ne, wato ya ƙare a 2022, lokacin da gawon da aka dasa a farkonsa bai isa yin inuwar kirki ba.

Saboda haka adadin dashen da aka sanar ranar biki ba hujja ba ce mai ƙarfi, tun da rani da awaki da gara suna jira. Abin da masana ke yi shi ne su koma fili bayan shekaru, su ƙirga waɗanda suka rayu, su auna kaurin kututture a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daga nan su lissafa nauyin itacen da kabon ɗin da ya tara.