Harshen Damo a Takardar Mallakar Ƙirƙira: Misali Daga Tsara Tabarau

1.0 Gabatarwa

Wanda ya ƙago sabuwar dabara yana iya neman hukuma ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke hana wasu cin moriyar dabarar ba da izininsa ba, galibi har tsawon shekara 20. Sashen da ya fi muhimmanci a takardar shi ne da'awa, wato jerin jimloli masu lamba da ke faɗin ainihin abin da mai ƙirƙirar yake cewa nasa ne. Da'awa tamkar iyakar gona take: idan ba ta fito fili ba, maƙwabci ba zai san inda zai tsaya ba. Wannan takarda za ta duba yadda kalmomin kwatance ke ɓata wannan iyaka, ta hanyar misali da dabarun inganta tsarin tabarau.

2.0 Abin da Doka ta Tanada

Nijeriya ta kafa dokarta ta mallakar ƙirƙira a 1970, Sudan kuwa a 1971. Ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar duniya ta PCT: Sudan ta shiga a 1984, Nijeriya a 2005. Sashe na 6 na yarjejeniyar ya shar'anta cewa da'awa ta zama bayyananniya, taƙaitacciya, kuma bayanin da ke cikin takardar ya mara mata baya.

Batun ya shafi Bahaushe ta fuskar fassara. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, Mayo da ke kudancin Khartoum tana cikin unguwannin da Hausawan Sudan suka fi yawa. A ƙaddara wani mai haɗa tabarau ɗan unguwar, wanda ke sana'a a kasuwar Omdurman, yana son ya san ko hanyar da yake bi ta shiga iyakar wani kamfani. An rubuta da'awar da Turanci, an mayar da ita Larabci, shi kuma yana son a warware masa ita da Hausa. Duk inda mai fassara ya sassauta kalma ɗaya, iyakar ta gusa ke nan.

3.0 Me Ake Ingantawa a Tabarau?

Ana auna ƙarfin gilashin tabarau da ma'aunin dayofta. Gilashi mai dayofta +2.00 yana tara haske a nisan santimita 50. Daga wajen shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abu na kusa, sai a buƙaci ƙarfi iri biyu: ɗaya na hangen nesa, ɗaya na karatu. A 1959 aka fito da Varilux, gilashin da injiniyan Faransa Bernard Maitenaz ya ƙago, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da layi a tsakani ba.

Irin wannan gilashi yana da naƙasu: gefensa yakan yi dishi-dishi saboda karkacewar haske. A 1963 Minkwitz ya nuna ta hanyar lissafi cewa gwargwadon saurin ƙaruwar ƙarfi a tsakiya, gwargwadon saurin karkacewar a gefe. Saboda haka mai tsara gilashi ba ya kawar da dishi-dishin, sai dai ya zaɓi inda zai tura shi. In ya faɗaɗa wurin karatu, wani wurin ya matse. Ke nan babu gilashin da ya fi kyau ta kowace fuska.

4.0 Inda Jimla Ke Samun Rauni

A dubi wannan misali:

(1) Hanyar tsara gilashin tabarau ta yadda zai fi kyau, ya kuma yi daidai da fuskar mai sawa.

A nahawun Hausa aikatau "fi" yana neman abubuwa biyu: abin da aka fi, da abin da aka fi shi a kai, kamar a "Audu ya fi Bala tsawo". A (1) an bar na farko, na biyun kuma, wato "kyau", ba shi da mizani. Haka "daidai": daidai a idon wa? Bugu da ƙari, jimlar ta faɗi sakamakon da ake so ne kawai, ba ta faɗi matakan da za a bi ba. Kalmomi irin su "siriri", "mara nauyi" da "mai faɗi" duk suna da wannan rauni. Wannan shi ne rashin takamaimai.

Harshen damo kuwa shi ne jimla ta ɗauki ma'ana biyu:

(2) a. gilashi da firam mai nauyin giram 20
b. gilashi da firam masu nauyin giram 20

A Turanci sifa ba ta nuna tilo ko jam'i, don haka jimla ɗaya tana iya ɗaukar ma'anar (a) da ta (b). Hausa kuwa tana tilasta zaɓi tsakanin "mai" da "masu". Mai fassara da ya zaɓi ɗaya ba tare da duba bayanin takardar ba ya yanke hukuncin da ba nasa ba. Ko a (b) ma da sauran tambaya: kowannensu ne giram 20, ko a haɗe?

Ga yadda za a gyara (1):

(3) Hanyar tsara gilashin tabarau mai hawa-hawan ƙarfi, inda ake auna tazarar ƙwayoyin idon mai sawa da milimita; a shigar da ita cikin kwamfuta tare da ƙarfin da likita ya rubuta; kwamfutar ta riƙa sauya lanƙwasar gilashin har sai faɗin wurin karatu, inda karkacewar haske ba ta wuce dayofta 0.5 ba, ya kai milimita 15.

A (3) akwai abin da aka auna, da matakai, da inda za a tsaya. Mai sana'ar Mayo yana iya karanta ta ya san ko yana ciki ko yana waje.

5.0 Hukuncin Kotuna

A 2005, a shari'ar Datamize da Plumtree, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta tabbatar da soke da'awar wata manhaja saboda ta ce fuskar manhajar ta zama mai kyan gani, alhali wannan ya dogara ne ga ra'ayin mai kallo. A 2014, a shari'ar Nautilus da Biosig, Kotun Ƙolin Amurka ta ce dole da'awa ta sanar da masanin fannin iyakarta da tabbaci daidai gwargwado. Abin lura, kalmomin da aka yi jayayya a kansu, wato tazara tsakanin wasu sassan na'urar auna bugun zuciya, sun tsira a 2015 duk da ba su da lamba, domin kotu ta ga masani zai iya gano tazarar daga bayanin takardar. Ashe doka ba ta haramta sifa ba, mizani take nema.

6.0 Kammalawa

Ɗalibin da aka ba da'awa ya fassara ya kamata ya tsaya a kan kowace kalmar kwatance ya tambaya: an fi me, ta wace fuska, da wane ma'auni? Idan amsar tana cikin bayanin takardar, sai ya bi ta. Idan babu, kada ya cike giɓin da tunaninsa; ya bar raunin yadda ya same shi, ya kuma sanar da wanda ya ba shi aikin.