Tsadar busasshen kifin Norwe ba laifin dala kaɗai ba ne

Duk wanda ya taya kan busasshen kifin nan na Norwe a babbar kasuwar Jalingo, wanda 'yan kudu ke kira okporoko, amsar da zai ji ɗaya ce: dala ta tashi. Gaskiya ne, amma ba ita kenan ba. Kifin kansa ne ke ƙaranci a teku.

Sunansa kod, ana kama shi a Tekun Barents, a shanya shi a iskar sanyi ta tsibiran Lofoten har ya yi tauri. Norwe da Rasha kan zauna duk shekara su ƙayyade yawan da za a kama. A 2025 sun zaftare kashi 25 cikin ɗari, suka tsaya a tan 340,000, saboda manyan da ke zuba ƙwai suna raguwa. Sun ga abin da ya faru da Kanada, wadda ta yi ta kwasa har ya kusa ƙarewa, ta rufe su a gaɓar Newfoundland a 1992, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a. Sai 2024 aka sake buɗewa.

Abin takaicin shi ne muna jin wannan kamar wata sabuwar dabarar Turawa. Tafkin Nwonyo da ke Ibi fa? Tun kaka da kakanni ake tsare shi, ba mai jefa koma sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Haka Matan Fada a Argungu. Sarkin ruwa ya san lokacin da kifi ke shiga fadama ya yi ƙwai, in ya ce a ɗaga ƙafa, ba masuncin da zai tsallake maganarsa. Gwamna Agbu Kefas na Taraba ya farfaɗo da bikin Nwonyo a 2024, an yi kiɗa, an raba kyaututtuka. Tsarin da ke tara kifin kuwa, ba wanda ya ɗaga muryarsa a kai.

Je ka bakin Binuwai a Lau ka duba kwandon masunta. 'Yan karfasa da tarwaɗa ne da ba su wuce tsawon yatsa ba, an tace su da gidan sauron da aka raba don maganin zazzaɓi. Wasu ma guba suke zubawa a kududdufi, babba da ƙarami su taso ciki sama, alhali dokar tarayya ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya. Mu kuma daga unguwar Sarkin Dawaki ta Jalingo mu saya, don ya fi araha, mu soya, mu koma muna kukan ragon ruwa ya yi wuyar gani.

Jami'an kula da kamun kifi na jihar Taraba su fito daga ofis, su zauna da sarakunan ruwa na Ibi da Lau, a tsayar da watannin hana su da damina. Mai saye kuma, in an miƙo maka kifin gidan sauro, ka ce a'a.